Koriyar Suwaita da Akuyar Marjorie

Juma'a, 14 ga Oktoba, bakwai da rabi na safe

Na haɗa shayi kofi biyu. Sai da na ajiye na biyun a gefenta na tebur sannan na tuna. Na shanye duka, don ba na son asara.

Matata Marjorie ta tafi jiya a jirgin ƙasa na goma da minti arba'in, wurin yayarta Enid a Morecambe. Shekara arba'in da uku da aurenmu, ba ta taɓa tafiya ko ta kwana ɗaya ba ta bar mini faɗa a baya ba. Kada ka bar tagar banɗaki a buɗe, kada ka ci kifin gwangwani a tsaye kamar mage. Jiya ba ta faɗi ko ɗaya ba. Ta tsaya da ƙaramin akwatinta, ta dubi ƙugiyar da ke bayan ƙofa, ta dube ni, ta ce, "Ba komai, Wilf. Na gode da ka gyara gida."

Wai na gode. Matar da ke yi wa buta faɗa idan ta yi jinkirin tafasa.

Da zagina ta yi, da yanzu na san kwana nawa za ta yi a can. Tsoro nake ji, gara in rubuta shi tun da wuri. Ina tsoron ba za ta dawo ba.

Lahadi, 16 ga Oktoba, bayan abincin rana

Abin da ya faru ba wani abu ba ne. Zan rubuta shi don in gani da idona cewa ba wani abu ba ne.

An turo jakar leda ta ramin wasiƙun da ke jikin ƙofa, irin wadda shagon gwanjon sadaka ke rabawa, a cika da tsofaffin kaya a ajiye a bakin ƙofa ranar Laraba. Marjorie ta je gyaran gashi. Na zuba wanduna biyu da suka matse ni, da tsohon labulen ɗakin baya. Jakar ba ta cika ba. Na waiwaya, ga koriyar suwaita a ƙugiya. Ta Stuart ce, ɗanmu. Marjorie ta saƙa masa da hannunta, kuma gwiwar hannun hagu tana da faci na jan ulu, don koren ya ƙare mata. Shekara tara tana rataye a wurin.

Washegari da safe ta tambaye ni. Na ce, "Ulu ne kawai, Marj. Wani zai ji ɗumi." Na faɗa da irin muryar da ake karanta hasashen yanayi.

Ƙugiya biyu ce a bayan ƙofar nan. Babba a sama, da ƙarama daidai ƙuguna, wadda na kafa masa yana ɗan shekara bakwai don ya daina yar da rigar makaranta a ƙasa. Yanzu duka biyun ba komai a jikinsu.

Talata, 18 ga Oktoba, huɗu na yamma

Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin sigina ina ba jiragen ƙasa hannu, kuma na san fushin matata yadda na san jadawalinsu. Da tsaki yake tasowa, ƙarami, kamar ba da kowa take ba. Idan ban gyara ba sai sunana ya tsawaita, Wilf ya zama Wilfred, Wilfred ya ɗauko Greenwood ya jawo a baya. Daga nan sai akuya. "Wilfred Greenwood, ka sake kwance mini akuya!" Ba mu taɓa kiwon akuya ba, ko uwarta da ta gadar mata maganar ba ta taɓa ba. Sau ɗaya na tambaye ta inda take ɗaure akuyar, in je in ba ta haƙuri. Tsumman goge kwano ne ya ba ni amsa.

In abin ya yi nisa takan ce ta ƙoshi da ni har haƙoran can ciki. In ya fi haka, wai gashin kaza take tofarwa. Na ƙarshe shi ne rufi. "Yau sai na fasa rufin gidan nan na fice ta sama!" Da ta ambaci rufi nakan ji sanyi a raina, don na san jirgi ya kusa tasha. Rabin awa, za ta fito da kek ɗin citta ta dangwara mini a gaba, ta ce in ci in ba ta wuri.

Duk waɗannan suna da lokacin isowa da lokacin wucewa. "Ba komai" ne ban taɓa gani a jadawali ba.

Na yi gyangyaɗi a kujera, na ga akuya fara a kicin, tana tsaye a gefen Marjorie na tebur. Ba ta ci komai ba, ba ta yi kuka ba. Kallona kawai take yi cikin ladabi.

Laraba, 19 ga Oktoba, sha biyu saura

Na je shagon. Pauline ce a kan kanta, wadda suke zuwa iyo tare da Marjorie ranar Talata. Na bari mutum uku suka gama, sannan na matsa na ce ta yi haƙuri da damuwa, in ba takura, ko ta ga wata koriyar suwaita mai jan faci.

Ta zare tabarau ta dube ni. Ashe labari ya riga ni zuwa.

"Kai ma dai, Mista Greenwood! Da ni ce Marjorie, da kai zan rataye a ƙugiyar, ka shekara tara ka ji yadda ake ji."

Na ce gaskiyarta, ta yi haƙuri.

"Ka daina ba ni haƙuri, ba ni ka yi wa ba." Ta shiga ɗakin baya, ta daɗe, ta fito tana kakkaɓe hannu. Ta ce ranar Alhamis ake tantance kaya, kuma ita ba ta zo aiki ba ranar Alhamis ɗin da ta wuce. Masu kyau ana raba su ga sauran shagunansu a garuruwan kusa. Na tsakiya a ɗaure su dila-dila, jirgin ruwa ya kai ƙasashe masu zafi. Masu faci da yagaggu kuma buhun tsumma ake jefa su, duk mai so ya ɗauka, makanikai da masu fenti. Buhun makon jiya ma wani ya riga ya ɗauke.

Na ce buhun tsumma bai shafe ni ba. Saƙar Marjorie ba ta zama tsumma, ko makaho ya shafa ya san hannu ne. Na karɓi sunayen shagunan a bayan ambulan. Guda bakwai ne.

Alhamis, 20 ga Oktoba, da safe

Ruwa. Kofi ɗaya na haɗa, sai na ji ya fi biyun ciwo.

Asabar, 22 ga Oktoba, sha ɗaya

Kati ya zo, da hoton teku a gaba.

"Zuwa ga Wilfred. Ina fata kana lafiya. Iska na kaɗawa a nan. Ranar Alhamis ake kwashe shara, baƙin bokiti ne wannan makon. Da fatan alheri, Marjorie."

Da fatan alheri. Haka take rufe wasiƙa idan ta rubuta wa hukumar gari kan ramin da ke bakin titinmu, wasiƙar da takan yi kwana biyu tana wasa ta kamar wuƙa. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya sani, mutum ya zage ka ka yi barci lafiya, amma ranar da ya soma yi maka ladabi, to ka shirya. Na jingina katin da tulun sukari. Duk inda na zauna a kicin yana kallona.

Litinin, 24 ga Oktoba, shida na yamma

Na buga waya. Enid ta ɗauka, ita ce babba, kuma tun ranar ɗaurin aurenmu take ganin ƙanwarta ta yi araha.

"Tana wanka," in ji ta.

Na ce zan jira.

"To ka nemi kujera, don wankan na kwana uku ne." Na ji ta ja ƙofa, ta rage murya. "Wilf, bari in gaya maka, tunda kai sai an kunna maka jar fitila kake tsayawa. Ba ta faɗa. Ka ji? Marjorie ba ta faɗa. Jiya mai shagon kifi ya ba ta wanda ya ƙone, ta ce ta gode. Ni tsoro ma take ba ni."

Na ce ina neman rigar, na riga na je shago biyu.

"Rigar! Kai har yanzu kana ganin rigar ce? Fuskarka ce, bawan Allah. Ta ce ka gaya mata kamar mai cewa madara ta ƙare. Shekara tara tana yi wa duniya ihu ita kaɗai, kai kana gefe kana goge takalmi."

Na ce ihu ba ya dawo da komai.

"Wa ya ce maka don ya dawo da wani abu ake yi?" Ta ajiye.

Alhamis, 27 ga Oktoba, uku da rabi

Halifax, Burnley, Rochdale. Duk shagunan warinsu ɗaya, na tsohon ɗaki da sabulun wasu mutane. Nakan bi layin riguna ina shafa kafaɗunsu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman wani a cikin taro. Kore ya yi yawa a duniya, ban taɓa lura ba. A bas ma hannayen riga kore ke ta wucewa ta taga, a kan kekuna, a bakin gada, ɗaya har ya ɗaga mini hannu, ko kuma bas ɗin yake tsayarwa.

A tashar Burnley wani mai jaka ya tsallake layi ya shige gabanmu. Mu goma sha biyu ne. Ba wanda ya ce masa uffan, amma tsaki ya bi layin daga gaba zuwa baya, kowa ya yi nasa ya miƙa wa na bayansa. Wata tsohuwa ta ce da iska, "Wasu dai ba a koya musu ba." Da abin ya iso kaina na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na laluba cikina in ji ko akwai haushi a wani lungu, sai na tarar da wuri a share tas, kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

Na biya ta lambu in duba kabeji. Derek Barraclough mai lambun da ke kusa da nawa yana loda tsofaffin ƙofofi da katakai a baro, na wutar bikin biyar ga Nuwamba, wadda ake ƙona mutum-mutumi a kanta duk shekara. Shi ne shugaban kwamiti bana, kuma tun yanzu ya soma saka rigar nan mai ruwan ɗorawa da ƙyalli.

"Har yanzu uwargida na shan iskar teku?" in ji shi. "Kai Wilf, ko gidanka ke ci da wuta, cewa za ka yi wutar ta yi haƙuri ka wuce. Ka zo fili ranar Asabar ta sama, ka ci dankali, ka ga mutane. Bana mutum-mutuminmu ya fi na kowace shekara, matan kwamiti sun yi masa shiga ta gaske."

Na ce zan duba.

Asabar, 29 ga Oktoba, da rana

Shago na bakwai. Babu. Wataƙila tana cikin jirgin ruwa, wani zai saka ta a ƙasar da ba a san sanyi ba.

Lahadi, 30 ga Oktoba, ban san ƙarfe nawa ba

An mayar da agogo baya yau, an ba kowa awa ɗaya kyauta. Marjorie ce ke bin agogunan gidan tana gyarawa tana mita. Na bar su, yanzu na kicin da na falo ba sa magana da juna.

Na rasa abin da zan yi da awar, sai na zauna a matakala ina kallon ƙugiyar. Hazo ya sauko daga tudu ya rufe bututun tsohuwar masaƙa, ya rufe hanyar da ke hawa zuwa tafki. Ba na bin wannan hanyar.

Ranar da tafkin ya ci Stuart, ina bakin aiki aka bugo waya. Na ji abin da aka faɗa, na ce na gode da sanarwa. Wanda zai karɓe ni sai bayan minti arba'in, kuma ba a barin ɗakin sigina ba kowa. Na ba jirage uku hannu. Na tuna su har yau, biyu na fasinja, ɗaya na duwatsu. Hannuna bai yi rawa ba, har aka yaba mini daga baya. Da na iso gida na tarar Marjorie ta fasa duk farantan da ke kan kanta, tana zagin ruwa, tana zagin tudu, tana zagin watan Yuli. Na ɗauko tsintsiya na share.

Ina jin tun ranar ban sauko daga ɗakin nan ba.

Kuma ba don jakar ba ta cika ba ne. Kullum na sauko da safe, kafin idona ya washe, kafaɗun rigar nan kan ce mini ya dawo, yana kicin yana cin burodi a tsaye. Daƙiƙa ɗaya, sannan in tuna. Kullum, shekara tara. Na gaji, shi ke nan. Da na iya faɗa mata haka da ban ce ulu ba.

Talata, 1 ga Nuwamba, tara na safe

Na gwada. Na tsaya gaban buta na haɗe rai, na ce mata ta kwance mini akuya. Muryar ta fito kamar ina tambayar hanya. Na sake, na ƙara da haƙoran can ciki. Buta ta tafasa abinta.

Da rana akuyar ta dawo cikin gyangyaɗi. Wannan karon a kan rufi take, gashin kaza na sauka a hankali a kan titinmu kamar dusar ƙanƙara, maƙwabta sun fito da lema suna cewa yanayi ya ɗan canza.

Alhamis, 3 ga Nuwamba, biyar na yamma

Enid ta bugo. Ranar Litinin Marjorie za ta zo da tasi ta ɗauki keken ɗinkinta da rigunan sanyi. Akwai ɗaki a ƙasan benen su Enid da za a saki ƙarshen wata, sun je sun gani, wai yana kallon teku.

Na ce to, Allah ya kai mu.

"Allah ya kai mu," in ji Enid. "Ka ji shi ko. Na rantse da a kusa kake da na kwaɗa maka wayar nan."

Keken ɗinkin bai taɓa barin gidan nan ba. Idan ya fita, ta fita ke nan.

Asabar, 5 ga Nuwamba, takwas saura

Yanzu na shigo gida, rubutun zai karkace.

Na je filin da wuri, huɗu da rabi, don gidan ya yi mini faɗi. Rana na shirin faɗuwa, an yi layin dankali gasasshe da kek ɗin citta, na shiga layi. An tara katakai sun kai tsayin bene, an kewaye da igiya. A can ƙoli an ɗora tsohuwar kujera, an zaunar da mutum-mutumin da za a ƙona, da hula, kansa ya ɗan karkata gefe.

Na ce a raina, wannan zaman na san shi. Haka Stuart yake zama a bayan mota idan barci ya ɗauke shi. Na daɗe ina kallo, raina kwance, kamar a mafarkin da ba ka son a tashe ka. Sai iska ta ɗaga hannun hagu, na ga jan faci.

Na ce wa matar da ke bayana ta riƙe mini wuri. Har wannan na yi. Na je bakin igiya inda Derek ke tsaye da rigarsa mai ƙyalli.

"Derek, yi haƙuri, in ba damuwa, ina jin kamar rigar can tamu ce."

"Wace riga? A buhun tsumman shagon su Pauline muka samo, waɗanda ba sa sayuwa."

"Ko zan iya hawa in ɗauko? Minti biyu."

"Ba mai tsallake igiya, Wilf, kai ka fi kowa sanin doka. An riga an zuba kananzir." Ya dafa kafaɗata yana dariya. "Bari, ranar Litinin in rako ka kasuwa ka zaɓi sabuwa. Ulu ne kawai."

Ban san daga ina ta fito ba. Ba daga maƙogwaro ba, daga can ƙasa, wurin da na laluba a Burnley na ce ba komai.

"Ulu? Ulu ka ce? Kai ne ulu, Derek Barraclough, da kai kamar kabewa da rigar aro! Cire hannunka a jikina! Tsumma? Wata uku matata ta yi tana saƙa ta, kai ko igiyar takalminka ba ka iya ɗaurawa! Ta Stuart ce! Rigar ɗana ce, Stuart Greenwood, za ku zaunar da shi a kujera ku cinna masa wuta kuna cin dankali!"

Ba ni da kalmomi nawa na kaina, sai na ɗebo nata. Na ce ya kwance mini akuya, shi da kwamitinsa. Na ce na ƙoshi har haƙoran can ciki. Na ambaci rufi, a fili, inda ba rufi sai sama. Daga nan na bar Derek, don ba shi ba ne. Na juya wajen tudu na zagi tafkin. Na zagi watan Yuli. Na zagi jirage uku, ɗaya bayan ɗaya, har na duwatsun. Na zagi mutumin da ya ba su hannu.

Na tsallake igiya. Katakai na zamewa, wata ƙofa ta karce mini ƙwauri, warin kananzir har cikin ido. Na kai ƙoli na ɗauke shi daga kujera. Ba nauyi ko kaɗan. Na sauko da shi a rungume, na durƙusa a ciyawa na cire masa rigar a hankali, hannu ɗaya sannan ɗayan, tsofaffin jaridu na zubowa.

Filin ya yi tsit, mutum wajen ɗari biyu. Sai na ji tsaki ya taso daga layin dankali, yana bi ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka da ni ake. Da na ɗago na ga Derek suke kallo. Shi kuma ya cire hularsa yana murza ta, yana cewa, "Ban sani ba, Wilf. Na rantse ban sani ba." Na san bai sani ba. Gobe zan ba shi haƙuri, amma ba yau ba.

Pauline ce ta miƙo mini dankali a takarda. Matar da ke bayana ta riƙe mini wurin har ƙarshe.

Ashe haka abin yake. Yana ƙona ƙirji, kuma idan ya wuce sai mutum ya ji yunwa.

Lahadi, 6 ga Nuwamba, goma na safe

Tana warin kananzir da hayaƙi, ba zan miƙa mata ita haka ba. Na saka a injin wanki, na murɗa zuwa mafi zafi don warin ya fita sosai.

Lahadi, sha biyu da kwata

Na fito da ita. Ta tsuke. Ta yi kauri kamar bargo, ta koma rabinta. Na ja, na jiƙa, na sake ja. Wayyo ni.

Litinin, 7 ga Nuwamba, biyu na rana

Tasi ya tsaya sha ɗaya da minti biyar. Marjorie ta ce wa direban ya jira. Ta ƙwanƙwasa ƙofar gidanta kamar baƙuwa.

"Ina kwana, Wilfred. Ina fata ban takura ba."

Na ce ta shigo. Ta rame. Ta tsaya a zaure da jakarta a hannu, ba ta dubi ƙugiyar ba.

"Pauline ta bugo wa Enid," in ji ta. "An ce ka yi abin kunya a fili."

"Na yi."

"An ce ka ambaci sunansa."

"Sau huɗu, in ji Derek."

Ta gyaɗa kai, tana kallon bango. "An ce ka samo ta."

Tun da ta shigo hannuna na baya. Na fito da shi. Ta karɓa da yatsu biyu ta ɗaga sama, 'yar riga mai tauri, da jan faci kamar kan kwalba. Na ji agogon kicin, na ji na falo, kowanne da lokacinsa.

Sai tsaki. Ƙarami, kamar ba da kowa take ba.

"Wilf. Me ka yi mata?"

"Wankewa na yi."

"A me?"

"A inji."

"A lamba nawa, Wilfred?"

Na faɗa.

"Wilfred Greenwood! Ulu? A ruwan zafi? Shekara arba'in da uku kana gidan nan, idonka na ina? Ka bayar da ita, ka bari an yi mata buhun tsumma, ka ƙwato ta daga wuta, sannan ka zo ka dafa ta kamar kabeji! Kai wane irin mutum ne? Ka kwance mini akuya, ka kwance garken gaba ɗaya! Na ƙoshi da kai har haƙoran can ciki! Dubi agogo, ko wannan ka kasa! Yau sai na fasa rufin gidan nan, na rantse! Me kake wa murmushi, tsohon banza? Kuka kake yi ko dariya?"

Na ce duka biyun. Na ce mata kullum da safe kafaɗun rigar kan ce mini ya dawo, kuma na kasa ɗauka. Na faɗa da ƙarfi, muryata a dishe tun Asabar.

Ta dubi rigar, ta shimfiɗa ta a ƙirjinta, ta gyara hannayen. Ta auna faɗin kafaɗun da tafin hannu.

"Daidai shi," in ji ta a hankali, "shekarar da haƙoransa na gaba suka zube."

Ta juya ga ƙofa. Ta ɗaga hannu wajen babbar ƙugiya, ta tsaya, sannan ta sunkuya ta rataye ta a ƙaramar. Muka tsaya muna kallo, kafaɗarta na taɓa tawa, ba wanda ya matsa.

Direban ya danna hon sau biyu. Ta fizge ƙofa. "Kai kuma wa kake wa hon, nan ka ga asibiti ne ko tasha? Sauke mini akwatina ka kama gabanka!"

Ta share ido da bayan hannu, ta ce in ɗora buta, kuma in daina tsaya mata a ka kamar turken fitila. Na ɗora. Tana can yanzu tana yi wa butar faɗa, ni kuma na fito da kofi biyu.